Kunne ya buɗe, ƙasa ta ƙi tsayawa

A takardar da na sa wa hannu kafin a shiga da ni ɗakin tiyata a Tunis, maganar jiri layi ɗaya ce tak, tsakanin ta canjin ɗanɗano da ta jijiyar fuska. Ni jijiyar fuskar ce ta tsaya mini a rai, don na san mutanen da bakinsu ya karkace. Nawa bai karkace ba. Ɗanɗanon ƙarfe da na riƙa ji a gefen harshe shi ma ya gaji ya tafi. Wancan layi guda shi ya cinye mini watanni.

Ni mutumin Tawa ne, malamin lakwal. Kunnena na hagu ya mutu tun ina yaro, bayan hangum. Na dama shi ya riƙe ni har na yi karatu na fara koyarwa, sannan shi ma ya soma ja da baya, har ta kai ƴar na'urar ƙara sauti da nake maƙalawa ba ta kawo mini komai sai hayaniya. Aka ɗauke ni daga aji aka mai da ni ofis. Likitan kunne a Yamai ya ce saura abu ɗaya, dashen na'urar ji. Ita ba ƙara sauti take yi ba. Ana binne rabinta a ƙarƙashin fata bayan kunne, da maganaɗisu a tsakiya, sai a zura wata siririyar waya cikin katantanwar kunne, wadda ke taɓa jijiyar ji da wutar lantarki kai tsaye. Ɗaya rabin yana waje, shi ke ɗaukar sauti ya aika ciki. Muka sayar da fili, ƴan'uwa da ke bida a Abijan suka haɗo nasu, ƙanena ya ajiye shagonsa ya raka ni.

Kafin aikin an yi mini sikana da IRM, wato hotunan cikin kai, an yi mini allurar rigakafin sanƙarau, nau'in da ƙwayar nimoniya ke kawowa, don mai wannan na'ura ya fi sauran mutane shiga haɗarinsa. Sai wani gwaji da ban taɓa jin labarinsa ba. Aka kwantar da ni, aka sa mini baƙin tabarau mai kyamara, aka ɗura mini ruwa mai ɗumi a kunne, digiri 44, daga baya mai ɗan sanyi, digiri 30. Kowane ɗuri sai ɗakin ya ɗauki juyi. Na ɗauka wani abu ya ɓaci, ashe juyin ake nema: kunnen da aka ɗura wa ruwa bai kawo jiri ba, to sashen da ke riƙe da tsayuwa a cikinsa ya mutu. Nawa duka biyun sun amsa. Wannan ya ba likitan damar zaɓar na dama, wanda jijiyarsa ba ta daɗe da rabuwa da magana ba. Ya rubuta mini cewa da a ce na dama kaɗai ke riƙe da tsayuwata, da sai sun sake shawara.

Aikin kansa ba ni da labarinsa, barci nake. Na farka da rawanin bandeji a kai, maƙogwaro a bushe, ba wani zafi mai yawa. Ina kwance lafiya lau. Da na juya kai don in ga ƙanena, sai silin ya kwasa ya yi hagu, ya dawo, ya sake kwasa. Na damƙe ƙarfen gado da hannu biyu. Amai ya zo ba sallama. Na rufe ido, juyin ya koma cikin kaina, ya fi na farko muni.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a wannan lokaci kai kurma ne tuburan. Ɗan jin da ya rage a kunnen da aka yi wa aiki sau da yawa yakan tafi, na'urar kuma ba a kunna ta sai rauni ya warke. Ma'aikaciyar jinya tana tsaye bakinta na motsi, ni ban san ko cewa take komai lafiya ba ko cewa take a kira likita. Ƙanena ya rubuta a waya ya miƙo mini, amma haruffan sun ƙi zama wuri ɗaya, suna zamewa gefe suna dawowa. Sai ya yi dabara, ya ɗauki idanuna bidiyo. Da abin ya lafa ya nuna mini: ƙwayar idon tana tafiya sannu zuwa gefe guda, sai ta fizgo ta dawo, ta sake tafiya, ta sake fizgowa, ni kuma a raina ina kallon wuri ɗaya ne. Ganin bidiyon nan ya kwantar mini da hankali fiye da duk wani lallashi, don na tabbata abin yana da gurbi a jiki, ba kaina ne ya taɓu ba.

Washegari likitan ya zauna bakin gado ya zana mini a takarda. Katantanwar ji da sashen tsayuwa gida ɗaya suke a cikin ƙashi, ruwa ɗaya ke zagaya su. Sashen tsayuwar bututu ne 3 masu lanƙwasa da ke gane juyin kai, da ƴan jakunkuna 2 da ke gane karkata da hawa da sauka. Ɗaya daga jakunkunan tana dab da ƙofar da ake bi a zura wayar. Ga girgizar injin huda ƙashi, ga ɗan ruwan da ke fita in an buɗe ƙofar, ga kumburi daga baya. Kunnuwan biyu kuma kullum suna aika wa ƙwaƙwalwa saƙo ko mutum yana zaune, kuma saƙon daidai yake, kamar mangala a bayan jaki. In ɓangare ɗaya ya yi sauƙi, mangala ta rinjaya, ƙwaƙwalwa ba ta san an yi tiyata ba, abin da ta sani shi ne kai yana juyawa. Sai ta tura ido ya bi juyin da babu shi, ciki kuma ya tashi.

Suka yi mini allurar hana amai da ta jiri. Tun a ranar kuma suka tashe ni tsaye, ma'aikaci a dama, ƙanena a hagu, muka taka baranda. Na ji haushinsu ƙwarai. Aka sallame ni da dokoki a rubuce: kada in fyace hanci da ƙarfi, in zan yi atishawa in buɗe baki, kada in ɗauki kaya mai nauyi, kada ruwa ya taɓa raunin. Da ƙwayar jiri ta ƴan kwanaki.

Juyin mai ƙarfi bai daɗe ba. Abin da ya maye gurbinsa wani layi ne marar suna, ba faɗuwa ba, ba tsayuwa ba, kullum jikina na ja dama. Bayan ƴan makonni aka kunna na'urar. Mai saitin tana ɗaga wutar kowane layi na wayar ɗaya bayan ɗaya, tana tambaya ko na ji jiri ko fuskata ta motsa, don wani lokaci wutar takan tsallaka zuwa jijiyar da ke maƙwabtaka, sai a rage ta ko a kashe wannan layin. Ni ban ji ba. Muryar farko da ta shigo ta ƙanena ce, siririya, mai amon ƙarfe, ban gane ko kalma ɗaya ba, amma na san magana ce. Murnar wannan ta rufe zancen jiri har muka sauka filin jirgin Diori Hamani.

Hanyar Tawa ce ta tuna mini. Kilomita wajen 550 ne a bas, ta Dosso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. Duk ramin da mota ta faɗa, duniya ta yi tsalle tare da ita. Allon bakin hanya ba na iya karanta shi sai mun tsaya, domin aikin kunnen ciki ne ya riƙe ido a kan abu yayin da kai ke girgiza, nawa kuwa rabinsa ya yi rauni. A Ƙonni da na sauko yin alwala, sai da na dafa jikin motar na daɗe. Daga Tsarnawa zuwa gida ido rufe na yi ta, leda a hannu.

A gida Inna ta karɓi ragamar jinya, kuma jinyarta kalma ɗaya ce: kwanta. An huda maka kai, ina za ka? Aka shimfiɗa mini katifa a ɗaki mai duhu, buta a kusa, abinci har bakin gado. In na miƙe zan fita tsakar gida, sai mai ɗakina ta sha gabana, Inna ta ce. Ƙwayar jirin da aka ba ni ta ƙare, aka aika yaro farmasi ya kawo wata, sinarizin, mai sa mutum barci. Ina sha ina barci, in na tashi layin yana nan inda na bar shi.

Masu dubiya kuwa kowa da ilminsa. Wani ya ce hawan jini ne. Wani ya ce masassara ce ta ɓuya, a nemo kinin, alhali kinin shi kansa yana sa kunne ƙugi yana kawo jiri. Wata gwaggo ta ce ƙarfen da aka sa mini ne ke jan rana. Maganar iska ma an yi ta, a bayan idona. Na je aka gwada jinina da na masassara, babu ko ɗaya. Abin da na fi sa wa ido shi ne takardar alamun haɗari da aka ba ni: zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, ruwa ko mugunya daga kunne ko rauni, karkacewar fuska. In ɗaya ya zo, ba jira, sai asibiti. Lokacin hunturu ne, ƙura ta rufe gari, mu ƴan Adar kuma mun san sanƙarau da iskar nan ke kawowa. Alhamdulillahi ko ɗaya bai zo ba. Duk wanda ya ce ya jiki, in ce da sauƙi. Haka aka koya mana.

Ranar da na matsa sai na je masallaci da asuba, an ɗauke wuta, unguwa baƙi ƙirin. Titinmu rairayi ne, ƙafa na nutsewa. Ban yi nisa ba na fara tangaɗi, na bugi katangar maƙwabci, na dawo tsakiyar hanya, na sake komawa. Wasu samari da ke zaune suka haska ni da waya. Kafin azahar labari ya zaga cewa malam ya dawo daga ƙasar Larabawa da wata ɗabi'a. Wannan ya fi amai ciwo.

Sai kuma wani sabon abu ya ɓullo, daban da na farko. Ina kwance na juya ɓangaren dama, shiru na ɗan lokaci, sai ɗaki ya kwashe da gudu, ya fi na asibiti ƙarfi, amma kafin in gama salati ya tsaya cak. In na ɗaga kai zan ɗauko abu a saman kanta, haka. In na ɗago daga sujada, haka, har na taɓa faɗawa kan na kusa da ni a sahu. Liman ya same ni bayan salla ya ce, Malam, addini bai ɗora maka wannan ba. Ya kawo hadisin Imrana ɗan Husaini: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Na koma salla a kujera, ina ishara da kai kaɗan.

Ƙanena ne ya ce, Yaya, mu koma Yamai. Likitan kunnen da muka gani bai karɓi da sauƙi ba. Ya ce ba gaisuwa muke ba. Juyi ne ko layi ne ko duhun ido? Daƙiƙa nawa yake yi? Me kake yi in zai zo? Wane gefe? Da na amsa, ya ce ciwo biyu nake ɗauke da su, kowanne da maganinsa.

Ya zaunar da ni a gadon gwaji, ya juya kaina dama, ya ce zai kwantar da ni da sauri har kai ya ɗan rataya a bakin gado, kada in rufe ido ko me ya faru. Gwajin tsoho ne, wasu likitoci biyu a Landan, Dix da Hallpike, suka bayyana shi a 1952. Yana kwantar da ni, abin maganaɗisun ya goge da hannunsa ya fice daga kaina, duniya ta yi tsit. Ga juyi ya taso, ga shi ba na jin abin da yake faɗa, sai fuskarsa a kife a samana yana leƙen idona. Da ya lafa muka mai da na'urar, muka shirya: in ya matsa kafaɗata sau ɗaya, in tsaya yadda nake, in sau biyu, in bi hannunsa. Na cire na'urar na ba ƙanena ya riƙe.

Bayaninsa shi ne, a cikin jakunkunan nan akwai ƴan ƙananan duwatsu na alli, ido ba ya ganinsu, manne a kan wani abu mai yauƙi. Girgizar tiyata kan kwance wasu, doguwar kwanciya kuma tana ba su hanya, sai su gangara cikin ɗaya daga bututun, galibi na baya. In ka juya kai su gangara, su ja ruwa, bututun ya ce ana juyi. In sun zauna juyin ya tsaya, shi ya sa ba ya kai minti 1. Maganin ba ƙwaya ba ne, mai da su gida ne. Ya sake kwantar da ni kai na dama, muka jira juyi ya wuce. Ya juya kan zuwa hagu, muka jira. Ya mirgina ni kan kafaɗar hagu har hancina na kallon ƙasa, nan wani juyin ya sake tasowa na riƙe rigarsa. Sannan ya tashe ni zaune, haɓa a ƙasa. Dabarar wani likitan Amurka ce, Epley, Faransawa kuma suna da tasu ta Semont. Ya maimaita, a karo na gaba idona bai motsa ba. Daren nan na juya dama a kan katifa da gangan, ina jira. Ba abin da ya zo.

Na biyun, layin nan na kullum, shi ne ya ɗaure fuska a kansa. Ya tambayi abin da nake sha, na nuna masa kwalin. Ya ce a ajiye. Irin waɗannan ƙwayoyi na kwanakin farko ne, lokacin amai. Ƙwaƙwalwa tana iya koyon zama da kunnen da ya yi rauni, ta sake auna saƙon ɓangarorin biyu, amma ba ta koyo sai an motsa ta ji kuskuren ta gyara. Ƙwaya mai sa barci tana toshe mata kuskuren, ɗaki mai duhu kuma yana hana ta darasin gaba ɗaya. Ya ƙara da cewa tsayuwa ƙafa uku gare ta: kunnen ciki, ido, da abin da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke ji. Na tuna asubar nan. Kunne ya raunana, duhu ya ɗauke ido, rairayi ya ruɗi ƙafa. Ba abin da ya rage da zai riƙe ni.

Ya tura ni wajen kine, mai koyar da motsa jiki, wadda ta rubuta mini darussa na koma da su Tawa. Asalinsu daga Ingila ne tun shekarun 1940, kuma ba su buƙatar inji. Na rubuta babban harafi a kati na manna a bango daidai ido. In tsaya in kafe shi da kallo, in riƙa juya kai dama da hagu, harafin kada ya dushe, minti 1, in huta, in yi sama da ƙasa. Sau da yawa a yini. Sai tsayuwa a kusurwar ɗaki ƙafa haɗe, kujera a gaba, ido buɗe sannan rufe. Sai a kan katifa. Sai tafiya a tsakar gida ina waiwaye. Ƙa'idar ita ce ya tayar da jiri kaɗan wanda zai kwanta cikin ƴan mintoci, in ya wuce haka an yi yawa, in bai tayar da komai ba an yi kaɗan.

Wahalar ba a darasin take ba. Inna ta leƙo ta ga ɗanta, magidanci, tsaye gaban bango yana girgiza wa takarda kai, ta koma ɗaki ta yi kuka. A ganinta abin da ake raɗe-raɗi ya tabbata. Sai da ƙanena ya kira likitan a waya ya yi mata bayani da Hausa, ta ce to, tunda lokotoro ya ce. Ba ta yarda ba, ta dai ƙyale. Ban ga laifinta ba, duk ciwon da ta sani a duniya hutu yake so. Mai ɗakina kuwa ta koma mai riƙe agogo, kuma ta fi kine tsanani.

Makon farko abin ƙaruwa ya yi, har na yi tunanin komawa katifa. Daga nan ya fara sauka, ba a jere ba, yau gaba gobe baya, musamman ranar da ban yi barci ba ko zafi ya yi yawa ban sha ruwa ba. Na fita daga tsakar gida zuwa rairayin ƙofar gida da rana, sannan da magariba. Na bar kujera na koma sahu, sai dai na canza hula zuwa mai faɗi, don matsattsiya tana ture maganaɗisun in na yi sujada. Jarrabawa ta ƙarshe kasuwar Lahadi ce. Mutane na giftawa ta ko'ina, amalanke, raƙuma, rumfuna masu launi, ido ya rasa abin da zai kama. Karon farko ban wuce layin masu albasa ba na nemi benci. Yanzu ina ratsa ta har wajen masu dabbobi, ina kuma jin ciniki, in mai maganar yana gabana.

Akwai abin da bai dawo ba. Cikin duhu sosai har yanzu jikina na ɗan ja dama, don haka fitila ba ta barin aljihuna. An hana ni nutso a ruwa ni kaɗai, domin a ƙarƙashin ruwa ido da ƙafa ba su da aiki, mai raunin kunne yana iya rasa ina ne sama, saboda haka in mun je tafkin Tabalak kifi kawai nake saye. Tsani na bar wa yara. Juyin duwatsun ya taɓa dawowa da bazara, na gane shi tun daren farko, na je aka mirgina ni ya wuce. Babur ne muke ta ja da ƙanena. Likita ya ce sai na iya waiwayawa da sauri ina tafiya ba tare da hanya ta yi tsalle ba. A ƙafa na iya. Na gwada a fili bayan gari, na ga da saura, don haka safe da yamma kabu-kabu ke kai ni ofis ya dawo da ni, kuɗin kuma ƙanena ke biya tunda shi ke hawan babur ɗin.